Ruwan Idon Injiniyan Birniwa

Wushe-wushe, Injiniyan Birniwa, bawan Fulani na gado. Ka ga na gaishe ka da yarenku, don kada gobe ka tashi a majalisa ka ce ubangidanka ba ya kula da kai. Labari ya iso mini nan Haɗejiya cewa har yau kana nan kana lalube, ba ka tsai da manhajar da za ka riƙa rubuta kod a cikinta ba, kuma wai sharaɗinka ɗaya ne tal: kada a nemi ko sisinka. Sharaɗin bai ba ni mamaki ba. Babarbare zai juye kuɗin buhun riɗi a kan turaren wuta da hula zanna ko a jikinsa, amma a ce ya sayi kayan aiki, nan take zazzaɓi zai rufe shi. Ba laifinka ba ne, a nono ka sha. Au, na manta, nonon ma mu ne muke ba ku bashi.

Bari in tuna maka mafarin zancen, tunda na ga alamar ya shige maka duhu. Kawunka, dillalin riɗi da zoɓo, shi ya ce ka yi masa shafi a intanet, don in ya haɗu da manyan masu saye na Dawanau ya daina laluben guntun takarda a aljihu. Shafi ɗaya. Sunansa, kayan da yake sayarwa, hoton buhuna, lambar waya. Ka bugi ƙirji ka ce wannan ai aikin hantsi ne. Aka yi shuka, ruwa ya sauka, kogi ya cika ya janye, aka yanke riɗin aka kaɗe aka ɗura a buhu, mota ta kwashe, kai kana nan kana "nazarin kayan aiki". Dattijo ya gaji da tambaya, yanzu in ya gan ka sai dai ya ce, "Injiniya, ya kwamfuta?" Kai kuma ka amsa masa da "Alhamdu lillahi", ko kunya babu. Turawa sun shimfiɗa dogo daga Kano ya ratsa garinku ya kai Nguru a 1930, da diga da shebur. Kai shafi ɗaya ya gagare ka.

Ciwonka ruwan ido ne, kuma a kan abin da bai kai ya kawo ba. Edita ba komai ba ce illa wurin buga rubutu. HTML da CSS da JavaScript duk rubutu ne zalla. Ko a Notepad ɗin da ke zuwa da Windows ka buga su, ka adana fayil ɗin da sunan index.html, burauza za ta buɗe shi ba gardama. Abin da edita mai kyau ke ƙara maka shi ne ta shafa wa kalmomi launi don ido ya rarrabe su, ta jera maka lambar layi, ta rufe alamar da ka buɗe ka manta, ta ja jan layi a ƙarƙashin shirmenka. Shafin intanet na farko a duniya, wanda Tim Berners-Lee ya yi a cibiyar CERN, a 1991 ya fito wa jama'a, shekarar da aka yanke Jigawa daga Kano. Lokacin babu VS Code, babu Sublime, babu Notepad++, kuma mutumin bai zauna jiran su ba.

Da Dreamweaver ka fara, wadda wani yaron shago a Kano ya zuba maka a filashi ya ce "an fasa ta". Wato ta sata. Ta kamfanin Adobe ce, kuɗi ake biya, kai kuma ka kwaso ta haɗe da ƙwayar cutar da ta ɓoye maka foldojinka kaf, har ka fara zargin an yi maka asiri. Jikan masu allo da tawada, ɗan gidan da ake alfahari da tilawa, ga shi zaune da kayan sata a cinya. Na rufa maka asiri a wurin su Goni, amma bashi ne, zan karɓa.

Daga nan ka koma Sublime Text, ka ishi mutane da cika baki a teburin mai shayi. Ban musa ba, tana da sauri, ba ta da nauyi, wani ɗan Ostareliya mai suna Jon Skinner ya fito da ita a 2008. Sai dai ba kyauta ba ce, Injiniya, ɗanɗano aka ba ka. Da ta huɗu ta fito a 2021, dala 99 aka sa wa lasisinta. Ɗan akwatin nan da ke faɗo maka jifa-jifa in ka adana aiki, wanda ka ce mini gaisuwa ce, tunin bashi ne cikin ladabi. Bawan Allah bai yanka maka wa'adi ba, bai rufe maka ƙofa ba, ya bar ka da Allah da kunyarka. A nan lissafinsa ya kuskure: bai san da Barebari a duniya ba.

Sai kuma ka ci karo da wani tsohon bidiyo a YouTube ana yabon Atom da Brackets, ba ka duba shekarar da aka ɗora shi ba, ka ƙone datarka. Adobe ta janye hannu daga Brackets tun Satumban 2021. Atom kuwa GitHub ta yi mata sallama a Disamban 2022, bayan ita kanta GitHub ɗin Microsoft ta saye ta a 2018 a kan dala biliyan 7.5. Wasu masu zuciya sun tattara ragowar suna rayawa da sunan Pulsar da Phoenix Code, Allah ya ba su lada, amma wanda bai rarrabe div da span ba ba shi da abin yi a can.

Wanda ya fi sa cikina ciwo shi ne rikicinka da Vim. Wani ya hure maka kunne cewa gwanayen gaske ba sa taɓa maus, baƙin allo kawai suke so da fararen haruffa. Ka buɗe ta gaban yara a shagon caji, don a san Birniwa ta yi ɗa. Ka danna haruffa, rubutu ya ƙi fitowa, wanda ke nan ma ya fara ɓacewa. Ka nemi ƙofar fita, babu. Ka bi kibod ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, ka karanta abin da ya sawwaƙa ka tofa, daga ƙarshe ka kifa kwamfutar ka zare batir. Yaran nan har gobe in an kashe janareta sai su ce, "An fita daga Vim."

To matso in yi maka sadaka, tunda haƙƙin bawa yana wuyan ubangidansa. Da ka shiga Vim, ba a wurin rubutu kake ba, a wurin ba da umarni kake, kowane harafi aike ne. Shi ya sa da ka danna d sau biyu layi guda ya tafi. In rubutu kake so, danna i. In fita kake so, danna Esc, ka buga :q! sannan Enter. In kana son ka adana kafin ka fita, :wq. Kada ka damu ƙwarai, kana da dangi a duniya: tambayar yadda ake fita daga Vim a dandalin Stack Overflow, tun a 2017 an duba ta fiye da sau miliyan ɗaya. Sai dai a fannin zare batir kai ne limaminsu. Mai Vim ɗin, Bram Moolenaar, mutumin Holan, ya sake ta a 1991, ya yi ta hidimarta har ya rasu a Agustan 2023, kuma abin da ya roƙa daga masu amfani da ita shi ne su taimaka wa yara marasa galihu a Yuganda. Kayan kirki ne na mutumin kirki. Ranar da ka girma ka fara kula da saba daga nesa, da ƙafarka za ka neme ta. Yau dai ba sa'arka ba ce.

Da na ji ka iso kan VS Code, na ce madalla, bawa ya shiryu. Nan ya kamata tafiyar ta ƙare. Microsoft ta fito da ita a 2015, ba a biyan ko kwabo, kuma a ƙidayar da Stack Overflow ke yi duk shekara, a 2023 da 2024 sama da kashi 70 cikin 100 na waɗanda suka amsa sun ce da ita suke aiki. Wannan yawan shi ne ribarka. Yawancin darussan da za ka buɗe, ko Bahindiye ne ke koyarwa ko Bature, ita za ka gani a allonsa. In ka maƙale ka shigo Haɗejiya, da wuya ka rasa ɗalibin kwamfuta a Kwalejin Binyaminu Usman, ko a Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, da zai kalli allonka ya gane inda ka ɓata. Kuma tana zuwa da kayanta a jiki. Buɗe sabon fayil na HTML, buga alamar motsin rai, danna Tab, ƙashin bayan shafi zai fito maka sukutum, aikin Emmet ke nan. Ga tagar umarni a ƙasa, ga Git a gefe don ajiye tarihin gyare-gyarenka.

Amma hali zanen dutse. Ka gano rumbun ƙare-ƙarenta, abin da suke kira ekstenshan, aka ce maka duk kyauta ne, sai idonka ya rufe. Ka ɗebo na launi kala-kala, na Python da ba ka iya ba, na Java da ba ka taɓa gani ba, na Docker da ko sunansa ba ka iya faɗa daidai, har da wanda ke sa 'yar kyanwa tana yawo a gefen allo. Kwamfutarka kuwa 'yar gwanjo ce, RAM giga 4, faifan ajiya irin na da mai juyawa, batirin da ba ya kai ka ƙarshen kofin shayi. Ita VS Code a kan Electron aka gina ta, ma'ana akwai injin burauzar Chromium ɗungurungum a cikinta. Ka buɗe ta, ka buɗe Chrome da shafuka rututu, ka jibga mata wannan tarkace, sannan ka kira ni kana cewa fanka na ihu, maus ya daskare, manhajar ba ta da kyau.

Kai da ka tashi a ƙasar nan, bai kamata a yi maka bayanin kachalla ba. Tun da aka datse ruwa a Tiga a 1974, aka ƙara da Challawa a 1992, kogi ya daina ƙafewa da rani yadda ya saba, ciyawar nan ta samu wurin zama ta cushe hanyoyin ruwa. Tambayi masunta da manoman Guri da Kiri Kasamma abin da ta yi wa mashigar Marma. Ruwa na nan amma ba ya tafiya, kwale-kwale ba ya wucewa, sai jan-baki ke samun masauki yana yi wa shinkafar mutane ɓarna. Abin da ka yi wa editarka ke nan, kuma kai da hannunka ka dasa. Ɗauko lauje. Cire su duka ka bar biyu: Live Server, don duk sanda ka adana aiki shafin ya sabunta kansa a burauza, da Prettier, don ta daidaita maka layukan da ka watsar. Kyanwar ma a sallame ta, na san za ka yi kewarta. Rufe shafukan Chrome ka bar ɗaya. Shiga File ka kunna Auto Save, saboda masu wuta ba sa sallama in za su ɗauke. In riɗin bana ya yi albarka, lallaɓi kawu ya saya maka SSD ya kai RAM ɗin giga 8. Wannan zai yi maka abin da sauya edita goma ba zai yi ba. Ko da yake da wane ido za ka roƙe shi?

In kuma kwamfutar ta ce ba ta iyawa, ko ka koma kan tsohuwar nan ta gidanku mai Windows 7, wadda sababbin fitowar VS Code suka daina hawa tun 2022, to da tsohuwar zuma ake magani. Notepad++ tana nan. Don Ho ya fito da ita a 2003, nauyinta 'yan megabait ne, kafin ka gyara zaman hularka ta buɗe. Akwai ma wadda ake ɗauka a filashi a yi aiki da ita a kwamfutar aro ba tare da an girka ta ba. Tana ajiye abin da ka buga a ɓoye, ko wuta ta ɗauke in ka dawo za ka tarar da mafi yawansa. Ba ta da iyayi, ba za ta cika maka rabin layi tana nuna ta fi ka sani ba, kuma ga mai koyo wannan alheri ne, don hannu ke haddacewa. A Windows kaɗai take aiki. Tambarinta hawainiya ce, na san shi ya sa ka raina ta, ka ce ba ta yi kama da kayan injiniyoyi ba. Kai da ka sauya launi fiye da ita a shekarar nan, hawainiyarka ta kiyayi ramarta.

Na ji kuma kana zancen waɗanda ake buɗewa a burauza ba sai an sauke komai ba, su vscode.dev da Codespaces da Replit. Suna da kyau ga wanda intanet ɗinsa ba ya yankewa. Kai da nakan kira ka in ji kana haki, ka ce kana zagaya bayan tasha da waya a sama kana farautar sabis, ina kai ina su? Abin da ke cikin kwamfutarka, wanda zai yi aiki ko babu data, shi ne naka. Gara ma waya. Na ga yara nan Haɗejiya da ba su mallaki laftof ba, da Acode suke buga HTML a 'yar Android ɗinsu da manyan yatsu biyu, kuma shafinsu na buɗewa. Ba sa kiran kansu injiniya.

Kwanan baya ka aiko mini da saƙon murya mai tsawon huɗuba, wai ka gano cewa WebStorm ta zama kyauta. Ta zama, tun Oktoban 2024, amma ga mai koyo da mai aikin da ba na neman kuɗi ba. Shafin dillalin riɗi kuwa kasuwanci ne, ko da ladanka bai wuce goro ba. Ballantana nauyinta, kwamfutarka za ta yi kalmar shahada. XAMPP ɗin da ka girka ma, da Apache da PHP da MariaDB a cikinta, ajiye ta sai ranar da kawu ya ce yana son rumbun bayanan masu saye. Shafin suna da hoto da lambar waya ba ya buƙatar ko ɗaya, kuma GitHub Pages ko makamancinsa zai nuna maka yadda ake fitar da shafi duniya ba tare da ka sayi saba ba. Sai batun tsoronka wai Microsoft na leƙen asirinka. Gaskiya ne VS Code tana aika bayanan yadda ake amfani da ita, ana kuma iya kashe wannan a saiti, ko ka ɗauki VSCodium, wadda daga tushe ɗaya aka gina su aka cire mata wannan. Amma tsakani da Allah, Bulama, wane asiri gare ka? Fayil ɗin da babu komai a ciki sai "Barka da zuwa"?

Kada ma ka fara mini zancen ƙirƙirarriyar basira. Na san inda ka dosa: ka ji Copilot ta samu ɓangaren kyauta a ƙarshen 2024, ka ji ana yabon Cursor, wadda ita ma daga jikin VS Code aka tsago ta, kana so ka miƙe ƙafa na'ura ta yi maka aikin. Za ta rubuta maka, ba musu. Ranar da hoton buhu ya hau kan lambar waya a allon kawu, wa zai gyara? Mai zare batir?

Ga abin da ya kamata ya hana ka barci, wanda ko sau ɗaya ban ji ka ambata ba. Kayan kawu riɗi ne da zoɓo, duka biyun da harafi mai ƙugiya. In ka adana fayil ɗinka da tsohon tsarin haruffa, ɗ da ɓ da ƙ za su koma alamar tambaya ko wani birkitaccen zane, mai saye ya buɗe ya rasa me ake tallatawa. Tsarin da ake so sunansa UTF-8. A VS Code duba can ƙasa ta hannun dama, za ka gan shi a rubuce. A Notepad++ yana ƙarƙashin Encoding. Sannan ka tabbata layin nan na meta charset yana saman shafin, shi ma UTF-8, wanda Emmet kan sa maka da kanta. Inda ta rubuta en a matsayin harshen shafi, mayar da shi ha. Zaɓi salon haruffan da ya san ƙugiya, don wasu masu ado ba su san da mu ba, sai ka ga harafi ɗaya ya fita zakka a tsakiyar kalma. Bayan haka rage nauyin hotunan, ka gwada shafin a ƙaramar Tecno ko itel, don da irinsu masu sayen za su buɗe shi, a tsakiyar kasuwa, da ragowar data. Duk editocin da ka yi ta yawo a kansu, babu wadda za ta yi maka wannan tunanin.

Kullum kana cika mana kunne da cewa Kashifu Inuwa Abdullahi, wanda aka naɗa shugaban NITDA a 2019, ɗan masarautarmu ne, saboda haka fasaha a jininmu take. Na farko, shi ɗan Haɗejiya ne, jinin bai gangara Birniwa ba tukuna. Na biyu, ko ya gangara, sai an buɗe kwamfuta an buga wani abu yake aiki.

Hukuncin ubangida ke nan, ba ɗaukaka ƙara: VS Code da ƙari biyu, in ta yi nauyi Notepad++. Na haramta maka kallon duk bidiyon da sunansa ya fara da "editoci goma mafiya kyau". Na san za ka rama, za ka ce Bafulatanin da bai san komai ba sai bin wutsiyar saniya yau shi ke koyar da kwamfuta. Faɗi son ranka, ai a bayan shanun na koya, kuma shafina yana buɗewa. Watan cika-ciki na tafe, kuma bana ba zan karɓi kuɗin shara a hannu ba. Adireshin shafin kawu za ka turo mini, in buɗe a wayata in ga riɗi da ƙugiyarsa. In babu, zan hau mota in zo Birniwa da kaina, in cinye burabuskon gidanku, in kwance batirin nan in tafi da shi jingina.